Jitar roba da kuɗin da take ci

A 2005 kamfanin Harmonix na Amurka ya fito da Guitar Hero, wasan bidiyo da ake yi da jitar roba mai maɓallai biyar masu launi. Waƙa na tashi, alamomi na gangarowa a fuskar talabijin, mai wasa na latsawa daidai da bugun kiɗa. Rock Band ya biyo baya a 2007 da ƙarin ganguna da makirufo, kuɗinsa kusan dala 170, alhali faifan wasa a lokacin dala 60 ne. Tsadar ba ta hana rububi ba, domin Guitar Hero III kaɗai ya yi cinikin sama da dala biliyan ɗaya.

Abin da ya ja jama'a shi ne taro. Mutum huɗu za su haɗu a falo, har da wanda bai taɓa riƙe abin kiɗa ba, kowa ya ji kansa tauraro.

Sai kwaɗayi ya shigo. A 2009 kamfanin Activision, mai Guitar Hero a lokacin, ya yi ta jero sabbin fitowa, har da Band Hero da DJ Hero, ga tattalin arziki a matse, ga gidaje sun riga sun cika da robobi. Wa zai sayi jita ta uku? Ciniki ya karye, a Fabrairun 2011 kamfanin ya jingine Guitar Hero.

Ga mai saye, kuɗin kwali somin taɓi ne. Kowace ƙarin waƙa a lokacin kusan dala biyu ce, kayan na cin wuri, maɓallai na lalacewa. Mafi ciwo, ba dukan waƙoƙin ne mallakinsa ba. Waɗanda suka sayi Guitar Hero Live, wanda ya dawo da wasan a 2015, sun gani: da aka rufe sashensa na intanet a Disamban 2018, ɗaruruwan waƙoƙi suka tafi, aka bar su da 42 na kan faifai.

Batun koyon kiɗa kuwa, gangunan na gyara hannu da ƙafa, amma jitar ba ta koyar da komai sai kiyaye lokaci. Mai son iya jita gara ya nemi wasan Rocksmith, wanda ake haɗawa da jita ta gaske.

A ganina, gidan da ke tara baƙi da yara zai ci moriyar kuɗinsa. Mai wasa shi kaɗai ya samu tsohuwar jita ya haɗa ta da wasan Clone Hero a kwamfuta, kyauta ake sauke shi.