Murna A Cikin Ƙunci

 Muna gai da mutanen Zongon Kumasi, da na Aboabo, da Asawase, da Sabon Zongo, da dukan masu neman abinci a Kejetia da Babbar Kasuwa. Allah ya ba da sa'ar ciniki.

Yau za mu yi magana a kan wani abu mai wuyar ganewa. Littafi Mai Tsarki ya koya mana mai bin Yesu Almasihu yana iya yin murna a tsakiyar wahala. Wani zai ce, "Malam, wannan zancen wanda bai taɓa yin hasara ba ne." To, ku ba ni kunnuwanku kaɗan.

Mutanen Zongo ba baƙin wahala ba ne. Tsofaffinmu suna tune da watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar Gana. Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗi kaɗan, har waɗanda aka haifa a nan suka hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Kun kuma ga gobarar da ta ci shaguna a Adum cikin watan Maris na 2025. Mutum ya kwana da jari, ya tashi da toka. Ina murna a cikin wannan?

Da fari sai mu rarrabe tsakanin jin daɗi da murna. Jin daɗi yana bin kasuwa ne. In ciniki ya yi kyau ya zo, in kasuwa ta faɗi ya tafi. Amma murnar da mu ke faɗi tana fitowa daga sanin Allah yana tare da kai, ya gafarta zunubanka, ba kuwa zai yashe ka ba. Wuta ba ta iya cin wannan, dokar gwamnati ba ta iya korarsa. Ba a ce mai bi kada ya yi kuka ba. Yesu da kansa ya yi hawaye a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Hawaye da murna suna iya zama a zuciya ɗaya.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a garin nan namu. Akwai wani mai wa'azi mutumin ƙasar Suwizalan, sunansa Fritz Ramseyer, ma'aikacin Mishan na Basel. Yana zaune a Anum, kusa da kogin Volta, da matarsa Rosa da jaririnsu. A shekara ta 1869 rundunar Asante, watau waɗanda kakanninmu ke ce wa Tonawa, ta faɗa wa ƙasar a ƙarƙashin sarkin yaƙi Adu Bofo. Aka kama su, tare da abokin aikinsu Johannes Kühne, wanda ke lura da harkar ciniki ta Mishan. Aka kora su a ƙasa, tafiyar makonni cikin kurmi, ga yunwa, ga ruwan sama. Jaririn bai jure ba, ya mutu a hanya, suka binne shi a baƙuwar ƙasa.

Aka kawo su wurin Sarkin Asante Kofi Karikari. Suka zauna a tsare fiye da shekara 4. Aka yi ta cinikin kuɗin fansarsu kamar ana tayin haja a kasuwa, ba a daidaita ba. Sai a farkon 1874, da sojan Ingila suka doso Kumasi, aka sake su.

To, me suka yi a cikin shekarun nan? Ba su zauna suna la'antar masu tsaronsu ba. Suka ƙara sanin harshen mutanen da al'adunsu, suna sujada, suna koya wa yara, har Ramseyer ya sami izini yana wa'azi a titin Kumasi. Da aka sake shi, da wani ne, da ya ce shi da ƙasar nan har abada. Amma a 1876 ya kafa aiki a Abetifi, a kan tsaunukan Kwahu, zuciyarsa tana Kumasi. Shekara 22 bayan sakinsa, watau a 1896, bayan da Ingilishi suka shiga garin, shi da Rosa suka komo suka zauna a inda aka tsare su. A yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 aikin ya rushe, suka tsira da kyar. Duk da haka ya sake komowa ya gina. Majami'ar da ke Adum tana ɗauke da sunansa har wa yau, kuna wucewa ta gefenta in za ku kasuwa.

Me ya komo da uba garin mutanen da ɗansa ya mutu a hannunsu? Ba riba ba ce, gama bai tara dukiya ba. Alherin Allah ne ya juya ɗacin zuciyarsa ya zama ƙauna. Ga yadda alherin nan ya ke aiki.

Na ɗaya, wahala tana nuna mana abin da mu ke dogara gare shi. Mai goro ya san ba a barin huhu a rufe a manta da shi. Sai a kwance, a tsince ruɓaɓɓe, a sake ganye, in ba haka ba ɗaya ya ɓata dubu. Haka Allah ya kan kwance zuciyar mutum a ranar ƙunci, ya fid da girmankai, da son kuɗi, da dogara ga jari. Da zafi, amma domin kada duka su lalace ne.

Na biyu, a cikin rashin ƙarfi ne mutum ya ke sanin ƙarfin Allah. Manzo Bulus yana da wata cuta da ya kwatanta da ƙaya a jiki. Sau 3 ya roƙi Ubangiji ya cire ta. Ubangiji bai cire ba, amma ya ba shi alherin da zai ɗauke ta. Wannan Bulus ɗin ne aka yi wa bulala a Filibi, shi da Sila, domin aikinsu ya taɓa ribar waɗansu mutane. Aka sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare aka ji su suna waƙar yabon Allah. Kafin gari ya waye, yarin kurkukun da iyalinsa duka sun ba da gaskiya. Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 16.

Na uku, wanda ya sha wuya shi ya iya ta'aziyya. Matar da rumfarta ta taɓa ƙonewa ita ta san abin da za ta faɗa wa maƙwabciyarta ranar gobara. Ta haka wahalarka ta kan zama guzurin wani.

Amma a kula. Kada kowa ya ga ɗan'uwansa cikin masifa ya ce alhaki ne ya kama shi. Abokan Ayuba sun faɗi haka, Allah kuwa ya tsauta musu. Kada kuma wanda ya ci amanar abokin cinikinsa, aka kai shi gaban alƙali, ya ce yana shan wuya saboda Almasihu. Wannan ladan aikinsa ne, sai ya tuba ya biya. Har yanzu, haƙuri bai hana neman magani ba, bai hana neman hakki ba. In maƙwabcinka ya rasa jari, kada ka sallame shi da "sai haƙuri" kawai. Buɗe jakarka.

Tushen maganar duka shi ne Yesu Almasihu. Bai tsaya daga nesa yana ba mu shawara ba. Ya ji yunwa, ya gaji, abokinsa ya sayar da shi a kan azurfa 30, aka gicciye shi ba da laifinsa ba. An kasa daidaita fansar Ramseyer, amma tamu fansar Yesu ya biya ta sarai da jininsa, a rana ta uku kuwa ya tashi daga matattu. Saboda haka mai bi ya san wahala ba ita ce ƙarshen labari ba. Kun san goro. Farkonsa ɗaci, amma in ka kurɓi ruwa a bayansa sai ka ji zaƙi.

Ya kai mai sauraro, wace kaya ce ta danne ka yau? Bashi ne, ko ciwo, ko mutuwar ɗa, ko 'yan'uwa sun juya maka baya saboda bangaskiyarka? Kada ka ɓoye wa Allah. Faɗa masa da bakinka, yadda za ka faɗa wa mahaifinka.

Mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, ka dubi masu ƙunci a Zongo da kasuwanninmu. Wanda ya yi hasara ka mayar masa, mai ciwo ka ba shi sauƙi, mai makoki ka share hawayensa. In kuwa ka ga ya kamata mu ɗauki kayan tukuna, ka ba mu alherin ɗauka, da murnar da ba mai iya ƙwace mana. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.