Abin da ya kamata ku sani game da rabon gudu a layin Frame Relay

Frame Relay hanya ce ta haɗa ofisoshi masu nisa da juna ta layin kamfanin sadarwa. Ta samu karɓuwa bayan 1990, shekarar da Cisco da DEC da Northern Telecom da StrataCom suka haɗa kai wajen daidaita ƙa'idojinta. Araha ce ta jawo mata farin jini: layi ɗaya daga hedikwata yana ɗauke da hanyoyi da yawa, kowacce zuwa reshe guda, kowacce da lambarta, wato DLCI.

A nan kuma matsalar take. A ce hedikwata tana da layin E1 mai gudun kilobit 2,048 a daƙiƙa, reshe kuwa 128 kacal gare shi. Idan na'urar hedikwata ta turo bayanai da iya ƙarfinta, tamkar juye bokitin ruwa ne a bakin kwalba. Bayanai su cunkushe a wurin kamfanin sadarwa, a zubar da wasu, sai an sake turo su. Hanya ɗaya mai yawan aiki kuma tana iya mamaye layin ta bar sauran rassa suna jira.

Maganin shi ne a yanka wa kowace hanya rabonta. CIR shi ne gudun da kamfanin ya yi alkawarin ɗauka. Bc shi ne yawan bit da za a saki a kowane zangon lokaci, Be kuma ƙarin da ake yarda da shi idan layi ba cunkoso. Ana samun tsawon zangon ta raba Bc da CIR: bit 8,000 a kan 64,000 ya ba da milidaƙiƙa 125. Abin da ya wuce rabon zango sai ya jira na gaba. Wanda ya haura CIR kuwa ana iya sa masa alamar DE, shi ake fara zubarwa in layi ya cika.

Idan cunkoso ya taso, kamfanin yana aiko da alamar BECN. Na'urar Cisco da aka saita don haka sai ta riƙa rage gudu da kashi 25 cikin 100 har ta kai ƙaramin mataki, wanda in ba a canza ba rabin CIR ne. Masu tura murya sukan rage zangon zuwa milidaƙiƙa 10 don kada magana ta riƙa yankewa.

Yau wata fasaha mai suna MPLS ta maye gurbin Frame Relay a yawancin wurare, amma ƙa'idar tana nan: kada jimillar CIR ta wuce ƙarfin layin hedikwata, kuma a auna kowace hanya da gudun reshen da za ta je.