Tafintan Kwamfuta: Na Ciki Ko Na Waje?

Sanin kowa ne cewa kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai na lambobi, wato 0 da 1. To, amma zafi da nauyi da haske ba da lambobi suke zuwa ba. Ma'auni ne ke mayar da su ƙarfin lantarki, sannan wata 'yar na'ura da masana ke kira ADC ta juya wannan ƙarfi ya koma lamba. Ita ce tafinta tsakanin duniya da maikurokwanturola, wato mitsitsiyar kwamfutar da ke sarrafa kayan aiki irin su injin wanki da sikelin zamani.

Wannan tafinta iri biyu ne. Maikurokwanturolar 8051, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1980, ba ta da nata, sai an haɗa mata na waje, kamar ADC0804. A tsakiyar shekarun 1980 kuwa Motorola ya fito da 68HC11 da tafintanta a cikinta. Wannan ya rage kuɗi da yawan wayoyi da kuma wurin da ake cinyewa a kan allon lantarki.

To, me ya sa har yau ake sayen na waje? Lissafi zai ba da amsa. Tafintan da ke cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon Arduino Uno, yana raba bolt 5 zuwa matakai 1,024. Ke nan kowane mataki kimanin milibolt 5 ne. Ma'aunin zafi na LM35 yana ƙara milibolt 10 a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka tafintan ciki zai gane canjin rabin digiri. Wannan ya isa ga mai auna zafin ɗaki.

Sikeli kuwa labarinsa daban ne. Ƙarfen da ke jin nauyi a cikinsa, in an ba shi bolt 5, yawanci ba ya fitar da fiye da milibolt 10, ko da an ɗora masa iyakar kayan da zai iya ɗauka. Matakai biyu ke nan kacal. Mudun gero da buhun gero kusan ɗaya suke a wurin tafintan ciki. Shi ya sa ake sa na waje, irin HX711, wanda ke ninka saƙon har sau 128 kafin ya fassara shi.

Bugu da ƙari, agogon Arduino Uno yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, kuma wannan kai-komo na lantarki yana haddasa hayaniyar da kan gurɓata ƙaramin saƙo. Tafintan waje ya ɗan nisanta da ita.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya kashe kuɗinsa, sai ya fara lissafa ƙanƙantar canjin da yake so ya gani, ya gwada shi da girman mataki ɗaya. In canjin ya fi matakin girma sosai, na ciki ya wadatar. In ba haka ba, sai a nemo na waje. Daidai ruwa, daidai tsaki.