Hanji da ciki a bakin masu Ingilishi: maganganun da ya kamata ɗan kasuwa ya gane

Duk wanda ya saba tsallaka iyaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ya san Hausa tana kai mutum har Kano ta dawo da shi lafiya. Amma da zarar an gangara Legas ko Anacha, ko an nufi Akara da tashar jiragen ruwa ta Tema, ko kuma an hau jirgin sama zuwa Dubai da ƙasar Sin, to Faransancin da muka koya a lekol sai ya koma aljihu, Ingilishi ya karɓi ciniki. Da yawa daga cikinmu sun iya ƙirga da tayi da sallamawa a wannan harshe. Inda ake samun tangarɗa shi ne maganganun da ba a fassara su kalma bayan kalma, kuma daga cikinsu babu masu rikita baƙo kamar waɗanda aka gina a kan hanji da ciki. Mutum yana iya jin an ambaci hanjinsa ya ɗauka zagi ne alhali yabo ne, ko ya yi murmushi alhali gargaɗi ake yi masa a kan kuɗinsa.

Mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Mu ne masu farin ciki da baƙin ciki, masu zurfin ciki da bugun ciki. In tsoro ya kama mutum mukan ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa. Su ma masu Ingilishi haka suka zuba halayen ɗan Adam a ciki, sai dai ba wuri ɗaya muka ajiye kowane hali ba, shi ya sa ake ɓata.

Kalmar da ta fi yawo a bakinsu ita ce "gut", ana furta ta kamar gat. Tsohuwar kalma ce da ta haura shekara 1000 a harshensu, ma'anarta ta asali kuwa hanji, wato abin da mahauta suke warewa cikin kayan ciki. Idan aka ƙara mata harafi ɗaya ta zama "guts", sai ta ɗauki wata ma'ana da ta samu tun ƙarshen ƙarni na 19: ƙarfin hali. Saboda haka idan abokin ciniki a Akara ya dubi matar da ta taso ita kaɗai tun daga Damagaram da jarinta ya ce "she has guts", ba maganar tumbi yake yi ba, cewa yake yi jaruma ce. Wanda ba shi da wannan hali su kan ce masa "gutless", wato matsoraci. Masu Faransanci ma suna da irinta, inda suke cewa mutum yana da wani abu a cikin "ventre" ɗinsa, ma'ana ba rago ba ne.

To amma a kula da murya da fuska. A Najeriya musamman, idan mutum ya ɗaure fuska ya ce "you have the guts to come here", yabo ya ƙare. Nufinsa, har kana da tsaurin idon da za ka zo nan? Irin maganar da mai bin bashi yake yi wa wanda ya ci masa kuɗi ya kuma dawo neman sabon kaya ke nan. Kalma ɗaya ce, amma a wuri ɗaya jarumta, a wani wurin rashin kunya. Haka nan "I hate his guts" ƙiyayya ce mai tsanani, ta wanda ko inuwa ɗaya ba ka son ta haɗa ku. In ka ji dillalinka ya faɗe ta a kan mai kayan da zai kai ka wurinsa, ka san akwai ta ciki na ciki a tsakaninsu, ka nemi wani ya shiga tsakani.

Akwai maganganun da suka shafi aljihu kai tsaye. Ta farko ita ce "go belly up". Kalmar "belly" ciki ce, hoton da ke cikin maganar kuwa na mataccen kifi ne da ya taso saman ruwa cikinsa yana kallon sama. Idan aka ce kamfani ya yi haka, to ya karye, jarinsa ya rushe. Duk wanda ya ji an faɗi wannan a kan wani kamfanin da ya ba kafin alƙalami, ko a kan mai jigilar da ya ɗauki kayansa, kada ya kwana bai bi sawun kuɗinsa ba. Ta biyu ita ce "I can't stomach it", daga kalmar da ke nufin tumbi: abin ba zai haɗiyu ba, ba zan lamunta ba. Mai kayan da ya faɗi haka a kan tayinka ba ciwon ciki yake yi ba, ka taya ƙasa ne ƙwarai, ko ka ƙara ko ka bar masa kayansa.

Ta uku mata masu sayar da kifin sanyi sun fi kowa cin karo da ita. A jikin kwalin kifi akan rubuta "gutted", ma'ana an fede shi an cire kayan ciki, kuma farashinsa ba ɗaya ba ne da wanda aka bari da cikinsa, don haka Hajiya ki duba rubutun kafin ki biya. Amma mutanen Ingila, tun wajen shekarun 1980, sun mayar da wannan kalma ta baƙin ciki. Ɗan ƙwallon da aka ci ƙungiyarsa a minti na ƙarshe, ko ɗan kasuwar da ciniki ya kuɓuce masa, sai ya ce "I am gutted", wato ji yake kamar an fede shi don takaici.

Sai "spill your guts", wadda a zahiri take nufin zubar da hanji. Ita ce tamu ta amayar da abin da ke ciki, ko fede biri har wutsiya. An fi faɗinta a kan wanda ya shiga hannun hukuma ya tona kowa da komai, amma tana hawa kan duk mai sakin baki, irin wanda daga shan shayi ɗaya zai gaya wa baƙo inda yake saro kaya da nawa yake saye. Magabata sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ita kuwa "bust a gut" fuska biyu gare ta: yin aiki kamar hanji zai tsinke, ko dariya har da riƙe ciki. Wanda ya ce ya yi haka don ya samo maka kaya a kan lokaci, yana nuna maka wahalar da ya sha ne, kuma sau da yawa share fagen neman ƙarin la'ada ne.

A kasuwannin kudancin Najeriya ba Ingilishin littafi aka fi yi ba, Buroka ce, kuma ita ta fi kusa da tunaninmu. A can ciki shi ne "belle". Idan mutum ya ce "belle sweet me" farin ciki yake yi. Matar da aka ce ta "get belle" tana da ciki, kamar dai yadda muke faɗa. "Bad belle" shi ne ɗan baƙin ciki, mai hassadar da ba ya son ganin rumfar maƙwabcinsa ta cika da masu saye. Ƙarfin hali kuwa ba a hanji suka sa shi ba, a hanta ne: "he get liver". Har siyasa ta ari ciki. A zaɓen gwamnan jihar Ekiti na shekarar 2014, wanda Ayodele Fayose ya kayar da Kayode Fayemi, maganar "stomach infrastructure" ta bazu, ana nufin rabon shinkafa da kuɗi ga talakawa maimakon dogon alkawarin hanya da gada. Mu a ɓangaren Faransanci mun riga mun san ƴar uwarta, siyasar ciki, maganar mutanen Kamaru da masani Jean-François Bayart ya sa a sunan littafinsa na shekarar 1989 a kan mulki a Afirka.

Wadda ta fi kowace muhimmanci ga ɗan kasuwa ita ce "gut feeling", da ta yaɗu tun daga shekarun 1960. Fassararta a wurinmu ita ce jikina ya ba ni. Kowace mai rumfa ta san wannan hali: mutum ya zo da kaya masu kyau da farashi mai sauƙi, bai faɗi komai ba daidai ba, amma gabanki yana faɗuwa. Likitoci sun tabbatar ba zancen banza ba ne. A jikin hanjin mutum akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, kuma akwai babbar jijiya da take kai saƙo tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. Wani masani na jami'ar Kolombiya a Amurka, Michael Gershon, ya fitar da littafi a shekarar 1998 inda ya kira wannan tsari ƙwaƙwalwa ta biyu. Shi ya sa fargaba take murɗa ciki, abin da masu Ingilishi suke kira "butterflies in the stomach", kamar malam buɗe littafi ne yake fiffika a tumbin mutum.

A shekarar 2016 masu bincike na jami'ar Kambirij da abokan aikinsu sun gwada mutum 18 masu cinikin takardun kuɗi a birnin Landan. An nemi kowannensu ya ji bugun zuciyarsa ba tare da ya taɓa jikinsa ba. Waɗanda suka fi iya jin abin da ke gudana a jikinsu su ne aka tarar sun fi samun riba, sun kuma fi daɗewa a sana'ar. Sai dai a lura, waɗannan mutane ne da suka yi shekaru suna abu ɗaya kullum. Jiki yana ba mutum labari ne a kan abin da ya daɗe yana gani. Matar da ta yi shekara 20 tana sayar da atamfa a Maraɗi, hannunta kaɗai ya isa ya gane ta jabu. Amma ranar da ta fara shiga cinikin wayar salula a Dubai, jikinta baƙo ne kamar ita, ba shi da abin da zai gaya mata.

Macuta sun san da haka. Shi ya sa idan mutumin da ba ka sani ba ya ce maka "trust your gut", wato bi abin da jikinka ya ba ka, yana kuma gaggauta ka ka biya kafin wani ya riga ka, to lokacin ne ya kamata ka ja da baya. Shawararmu a nan ita ce, idan jikinka ya ce kar ka shiga, saurare shi, domin wanda ya fasa ciniki riba kaɗai ya rasa. Idan kuwa ya ce shiga, to kar ka tsaya a kansa shi kaɗai: ga kaya da idonka, buɗe kwali ka ƙirga, karɓi takardar shaidar biya, a rubuta bashi a gaban shaidu. Kuma duk maganar da ba ka gane ba, ka ce a maimaita ta da sauƙin harshe, ko ka kira wanda ya iya. Tambaya ba ta rage jari, kuma mai gaskiya ba ya fushi don an nemi ya yi bayani, tun da ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, amin.