Hatsarin jirgin Gwammaja: Yadda ƙananan matsaloli ke haɗuwa su kayar da jirgin sama

Mazauna Ƙofar Mazugal da kewaye ba za su manta da ranar Asabar, 4 ga watan Mayu, 2002 ba. Da tsakar ranar ce jirgin kamfanin EAS, ƙirar BAC 1-11, ya tashi daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa Legas ɗauke da mutum 77, amma bai yi nisa ba ya rikito kan gidajen jama'a a unguwar Gwammaja da ke maƙwabtaka da su. Fiye da mutum 100 ne suka rasu, ciki har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku, da mutanen da ke zaune a gidajensu.

Binciken da aka gudanar ya nuna cewa jirgin ya zarce ƙarshen titinsa kafin ya ɗaga, tayoyinsa suka tayar da ƙura, injinansa suka shaƙe ta, ƙarfinsu ya ragu. Ga kuma zafin bazara. Idan iska ta yi zafi takan yi sakayau, sai jirgi ya buƙaci ƙarin gudu da ƙarin tsawon titi kafin fukafukansa su ɗauke shi. Da kowace matsala ita kaɗai ta zo, wataƙila da an tsira; haɗuwarsu ce ta jawo asarar.

Wannan ƙa'ida ba ta bar ko mafi sauƙin abin da ɗan Adam ke tashi da shi ba, wato fiffiken shawagi marar inji da ake wasa da shi a Turai da Amurka. Yadi ne mai ƙwari da aka ɗame a kan sandunan alminiyom, matuƙi ya rataye a ƙarƙashinsa, ya yi gudu daga kan tsauni, yana sarrafa shi da nauyin jikinsa. Idan gudunsa ya yi ƙasa da kima, iska ta daina tallafar fiffiken, sai faɗuwa. Haka ta faru da Bajamushe Otto Lilienthal, jagaban wannan fanni, wanda ya rasu a watan Agusta na 1896.

Shi ya sa masu wasan ke duba kowace waya da ƙusa da ɗinki kafin tashi, su gwada rataya don tabbatar da cewa ƙugiyar da ke riƙe da su ta kama, sannan su ɗauki laimar sauka ta ko-ta-kwana. Mantuwa da ƙugiyar nan kaɗai ta halaka ƙwararru.

A hatsarin Gwammaja, rashin kula da kayan aiki ya bayyana ta wata fuskar: na'urorin naɗar bayanan jirgin ba su ba masu bincike abin da zai fayyace dalilin zarce titin ba. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta dakatar da jiragen BAC 1-11, ta kuma ƙayyade shekara 22 ga tsufan jiragen fasinja.

Sai dai ƙayyade shekaru ba ya maye gurbin gyara a kan kari, da lissafin nauyi da yanayi kafin kowane tashi. Har gobe jirage na ratsa samaniyar Dala da Fagge, kuma rayukan waɗanda ke ƙasa, da ba su sayi tikiti ba, sun rataya ne a kan wannan kulawa.