Me ya sa bututun hayaƙin gida ke karkacewa, kuma yaya ake yi da shi?

Idan ka taɓa kallon hotunan tsofaffin unguwannin Landan ko Mancesta, za ka ga kowane gida da ɗan gini na jan bulo a tsaye bisa rufinsa. Wannan shi ne bututun hayaƙi. Tun daga murhun ɗumama ɗaki yake tasowa, ya bi ta cikin bango, ya huda rufi, ya kai hayaƙi sama. Ka ƙara duba hoton da kyau, za ka tarar wasu sun ɗan sunkuya kamar tsohon da ke neman sandarsa. Mutanen can sun saba ganin haka, har wasu ba sa ɗaukarsa komai. Amma fa wannan ginin tulin bulo ne mai nauyin ɗaruruwan kilo, yana zaune daidai saman ɗakin kwana ko hanyar da mutane ke wucewa.

Karkacewar iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar. Wani bututun daga sama yake lanƙwasa alhali gindinsa na nan daram. Wani kuwa a miƙe yake sak, amma gaba ɗayansa ya jirkice tun daga ƙasa. Na farko matsalar sinadari ce. Na biyu matsalar ƙasar da aka yi gini a kai ce.

Bari mu fara da na farkon, don shi ya fi ban mamaki. Shekara da shekaru gidajen Birtaniya da kwal suke ɗumama ɗaki, kafin hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a 1952 ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Kwal yana ɗauke da farar wuta. Idan ya ƙone, hayaƙin na tashi da ita tare da tururi. Can sama, inda bututun ya fito fili sanyi na dukansa, tururin sai ya koma ruwa ya jiƙa cikin ginin, ya bar gishirin da masana ke kira salfet. Wani lokacin ma bulon da kansa yana da nasa salfet ɗin tun daga yumɓun da aka gasa shi. To idan salfet ya haɗu da ruwa, ya shiga kwaɓin simintin da ke tsakanin bulo da bulo, sai ya haɗu da wani sashe na simintin, su haifar da ƙananan lu'ulu'u da ake kira etiringait. Waɗannan lu'ulu'u sun fi abin da suka maye gurbinsa cin wuri, saboda haka kwaɓin sai ya kumbura.

Da a ce ko'ina kumburin ɗaya ne, da bututun tsawo kawai zai ƙara. Amma ba haka ruwa ke jiƙa gini ba. Kullum akwai ɓangaren da ya fi daɗewa a jiƙe, ko don can ruwan sama ya fi bugawa, ko don rana ba ta cika samunsa. Wannan ɓangaren ya fi kumbura, sai ya tura ginin ya sunkuya zuwa ɗaya gefen.

Ga ɗan lissafi don ka ga yadda ƙaramin abu ke zama babba. A Birtaniya layin bulo ɗaya tare da kwaɓinsa milimita 75 ne. Bututu mai tsawon mita ɗaya da rabi ke nan yana da layi 20. A ce faɗinsa santimita 45, kuma kowane layi ya fi kumbura a gefe guda da rabin milimita kacal, abin da idonka ba zai ma gani ba. In ka tara, gefe ɗaya ya fi ɗayan tsawo da santimita 1, kan bututun kuma ya kauce daga inda yake da kusan santimita 1.7. Ba iska ce ta ture shi ba, ba kuma magini ne ya yi ha'inci ba.

Iri na biyu an fi ganinsa a gidajen da aka gina bututun a jikin bangon waje, kamar yadda ake yawan yi a Amurka. A nan bututun yana da nasa harsashin daban da na gidan, ga shi siriri, ga nauyi a ɗan ƙaramin fili. Idan harsashin bai yi zurfi ko faɗi ba, ko an ɗora shi a kan cikon ƙasa da ba a daɓe ba, ko ruwan indararo na zuba a gindinsa, sai gefe ɗaya ya nitse. Ƙasa mai yumɓu ta fi kowace rikici, domin tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe. Wanda ya san yadda ƙasar fadama ke tsattsagewa da rani ya san abin da ake nufi. A farin da aka yi a Ingila a 1976 gidaje da yawa da ke kan yumɓu sun tsage ta wannan hanya, musamman inda manyan itatuwa ke kusa suna zuƙe ruwan ƙasa. Alamar wannan iri ita ce tsaga tsakanin bututun da bangon gida, siririya a ƙasa, mai faɗi a sama.

Akwai kuma abin da mutane ke jawo wa kansu. Mai gida ya ga murhu ya daina amfani, ya rushe ɓangaren da ke cikin ɗaki don ya samu fili, ya bar na saman rufi ba tare da an tokare shi da ƙarfe ba. Ka ga an sare gindin itace an bar rassa a sama.

To, yaushe karkacewa ke zama haɗari? Injiniyoyi suna da wata tsohuwar ƙa'ida. Ginin bulo yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja. Muddin tsakiyar nauyinsa na faɗowa cikin kashi ɗaya bisa uku na tsakiyar gindinsa, duk gindin a danne yake. Da ta fita daga nan, gefe ɗaya zai fara buɗewa. Bututu mai faɗin santimita 60, misali, santimita 10 kawai yake da ita ta kowane gefe, tun ma kafin a sa ƙarfin iska a lissafi. Shi ya sa ƙa'idar gini ta Ingila ta ce tsawon bututu a saman rufi kada ya wuce ninki huɗu da rabi na mafi ƙarancin faɗinsa. A ganinmu dai, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko har yanzu yana motsi. Bututun da ya karkace tun zamanin kakanni ya tsaya a haka, daban yake da wanda tsagarsa ta ƙaru daga bara zuwa bana. Ana gane wannan da zare mai ƙarfe a ƙarshensa, da hoton da ake ɗauka daga wuri guda lokaci zuwa lokaci, da auna faɗin tsagar a rubuta.

Matakin farko shi ne a daina hura wuta. Bututun da ya motsa sau da yawa ya tsage ta ciki, kuma ta nan iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kan sulale cikin ɗakuna ta kashe mutum yana barci. Daga nan sai a kira injiniyan gini, ba mai faci ba.

Idan salfet ne, babu yadda za a yi kwaɓin da ya kumbura ya koma. Sai dai a sauke ginin layi-layi har inda yake da lafiya, a sake ginawa da kwaɓin da ke jure salfet, a zura sabon bututu na ƙarfe ko na gasasshen yumɓu a ciki don hayaƙi ya daina taɓa bulo. In ba a amfani da shi kuma, ana iya rage tsawonsa a rufe kansa, amma a bar ƙofar iska don kada danshi ya taru. Inda bututun na gidaje biyu ne masu bango ɗaya, dokar 1996 a Ingila da Wales ta wajabta sanar da maƙwabci kafin a taɓa shi.

Idan ƙasa ce, aikin a gindi yake. A fara da karkatar da ruwa daga wurin, sannan a ƙarfafa harsashin, ko da sabon kankare a ƙarƙashinsa, ko da sandunan ƙarfe masu kama da sukurori da ake murzawa har su kai ƙasa mai ƙarfi, a ɗora nauyin a kansu.

Abin da mutane suka fi garzayawa gare shi saboda arha shi ne cusa siminti a tsagar, ko ɗaure bututun da ƙarfe a jikin gida. Cikon yana ɓoye alamar da ake bukata don a san ko motsin ya ci gaba. Ɗaurin kuwa yana da amfaninsa idan injiniya ne ya tsara shi don iska ko girgizar ƙasa, amma bututun da harsashinsa ke nitsewa ba zai fasa nitsewa ba don an ɗaure shi. Bangon gidan zai ja tare da shi, gyaran da a da na bututu ne kaɗai ya koma na bango da rufi.