Kitse a Hanta: Cutar da Ke Bin Masu Zaman Shago

Yawancin marasa lafiyar da ake samun kitse a hantarsu ba hantar ce ta kai su asibiti ba. Wani ciwon sukari ne ya kai shi, wani kuma hawan jini, sai hoton ciki ya tona asirin. Likitoci kan ce cutar ta kama mutum idan kitse ya haura kashi 5 cikin 100 na hantarsa, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutane a duniya na ɗauke da ita.

A da barasa kaɗai ake ɗora wa laifin. Amma a shekarar 1980 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka bayyana irin wannan lahani a hantar mutanen da ba sa shan giya. A 2023 kuma ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya wa cutar suna, domin a nuna dangantakarta da ƙiba da ciwon sukari.

Manyan abubuwan da ke haddasa ta su ne teɓa, da ciwon sukari irin na manya, da yawan kitse a jini, da hawan jini. Fiye da rabin masu irin wannan ciwon sukari suna da ita. Wasu magunguna ma, kamar tamoxifen da amiodarone, kan jawo ta.

A nan ne lamarin ya shafi 'yan kasuwa. Mutumin da ke wuni zaune a shago, yana kora abinci da lemon kwalba, ya haɗa haɗari biyu: rashin motsa jiki da yawan sukari. Hanta ce ke sarrafa akasarin sukarin ’ya’yan itace da ake zubawa a lemon, ta mayar da rarar kitse. Damuwa kan illar sukari na daga cikin dalilan da suka sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Nijeriya.

Cutar ba ta cika nuna alama ba sai ta yi nisa, inda takan kai ga ƙandarewar hanta ko ciwon daji. Sai dai kafin nan ana iya shawo kanta. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 6 zuwa 9 ga mai kilo 90, yakan rage kitsen da kumburin hantar. Saboda haka ya kamata duk mai teɓa ko ciwon sukari ya nemi a duba masa hanta tun yana jin kansa garau.